Darasi: San Rukunin Jininki Tun Kafin Ranar Naƙuda

'Yan'uwa mata, mukan ce "ni da wance jininmu ɗaya." A zumunci haka ne, amma a asibiti ba lallai ba ne. Kuna uwa ɗaya uba ɗaya, jinin yayarki na iya ƙin naki. Zubar jini bayan haihuwa na cikin manyan abubuwan da ke kashe mata, kuma in ya zo ba ya jiran a je neman dangi. Shi ya sa nake so kowacce ta riƙe wannan darasi.

Rukunan jini

A 1901 wani likita ɗan ƙasar Ostiriya, Karl Landsteiner, ya gano cewa jinin mutane rukuni-rukuni ne. Manyan rukunan huɗu ne: A, B, AB da O. Bambancin yana jikin jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda ke ɗauke da wata alama da likitoci ke kira antijin. Mai rukunin A tana da alamar A, mai B tana da B, mai AB tana da duka biyun, mai O ba ta da ko ɗaya.

A cikin ruwan jini kuma akwai masu gadi, wato antibodi, da ke far wa alamar da ba ta gida ba. Masu gadin A suna far wa B, na B suna far wa A, na O suna far wa duka biyun. Idan aka ƙara wa mace jinin da bai dace ba, sai su farfasa shi: ga zazzaɓi da rawar sanyi, ga ciwon baya, fitsari ya yi duhu, har ƙoda ta iya tsayawa. Don haka ake gwada jininki da na mai bayarwa kafin a ɗaura leda. Wannan jiran ba wulaƙanci ba ne.

Fozitif da negetif

Akwai wata alamar kuma, Rh. Mai ita fozitif ce (+), marar ita negetif (−). Idan uwa negetif ce, jaririn kuma ya ɗauko fozitif daga mahaifinsa, jikinta na iya haɗa masu gadin da za su cutar da cikin da zai biyo baya. Akwai allurar kariya mai suna anti-D, ana yin ta cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari.

A kula: rukunin jini daban, gwajin sikila na AA, AS da SS daban.

Abin da za mu yi

1. Kowacce ta nemi gwajin rukunin jini, musamman a wajen awo, a rubuta mata a katinta.
2. Sakatariya ta rubuta rukunin duk wadda ta amince a bayan littafin ƙungiya.
3. Mai ciki da maigidanta su nemi mutum biyu masu lafiya, 'yan shekara 18 zuwa sama, da za su ba da jini in an buƙata. Mai ciki ba ta bayarwa.
4. Mu ware wani abu daga asusun taimakon juna don kuɗin mota, gwaji da allura.

Mu tattauna: mu nawa ne a nan muka san rukuninmu? Nawa za mu riƙa warewa duk mako?