Mahaifina Ɗan Ci-rani Ne, Me Zan Faɗa Wa Jikokinsa?

TAMBAYA: Ni haifaffiyar Aboabo ce a Kumasi. Mahaifinmu ya rasu bara. Daga wani ƙauye na ƙasar Tawa a Nijar ya zo yana saurayi, zamanin Nkrumah. Ya yi dako a kasuwa, daga baya ya shiga harkar goro, da ita ya ci da mu har ya aurar da mu. Kafin mu tashi ya fita, sai bayan isha'i yake dawowa, kuma bai taɓa zama ya ba mu labarin kansa ba. Yanzu 'ya'yana suna tambayata wane ne kakansu, iyakar abin da nake iya cewa shi ne mutumin kirki ne. Yaya zan yi kada tarihinsa ya ɓace?

Wata uwa daga Kumasi

AMSA: 'Yar'uwa, Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa, ku kuma ya ƙara muku haƙuri.

Ba ki yi ƙarya ba da kika ce mutumin kirki ne, sai dai kusan kowane mamaci haka ake shaidarsa a zaman makoki, shi ya sa maganar ba ta zama a kan yaro. Abin da yaro ke riƙewa shi ne wa ya ba kakansa masauki a daren farko, kayan wa ya fara ɗauka, me ya saya da kuɗinsa na farko. Irin wannan za ki nema.

Hanyar da Baba ya biyo tsohuwa ce. Tun kafin Turawa fatake ke tasowa daga Kano da Katsina zuwa Gwanja sayen goro, kuma Salaga ce babbar kasuwarsu, har yaƙin basasar 1892 ya watsa 'yan kasuwarta zuwa wasu garuruwa. Daga baya samarin Nijar suka riƙa kwararowa ci-rani, wasu don neman kuɗin haraji da na aure, wasu don guje wa aikin tilas na Faransawa. Suka cika gonakin koko, da ramukan zinariya na Obuasi, da kasuwar Kumasi. Bafaranshen nan Jean Rouch ya yi fim mai suna Jaguar a kan irin wannan tafiya. Ki nema ku kalla da yaran, za su ga kamannin kasuwar da kakansu ya tarar.

Shirunsa kuwa, ina ganin dalili biyu ne. Na farko alkunya: dattijon wancan zamani ba ya zama da 'yarsa yana lissafa wahalar da ya sha, a wurinsa buhun masarar da ya sauke a gida ya isa magana. Na biyu shi ne 1969. A watan Nuwamban shekarar gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Ghana. Mutane suka karyar da kayansu, aka yi ta lodin iyalai a manyan motoci zuwa Nijeriya da Nijar. Wanda ya ga wannan da idonsa, ko ya ɓuya ko ya tafi ya dawo, ba abin mamaki ba ne ya koyi rufe bakinsa kan inda ya fito. Saboda haka tambayar farko da za ki yi wa tsofaffi ita ce: ina Baba yake lokacin korar baƙi?

Su wa za ki tambaya? Mahaifiyarku da abokiyar zamanta in akwai, abokan zamansa a rumfar goro, iyalan maigidan da ya fara sauke shi, da limamin masallacin da yake salla. Kada ki ce musu su ba ki tarihinsa, addu'a kawai za su yi masa su yi shiru. Ki jefa ƙaramar tambaya, kamar wace shekara ya bar dako, ko wa ya ranta masa jari, ki kunna wayarki ki bar su su yi ta zuba. Ki kuma buɗe akwatinsa: tsohon katin shaida, hotuna, wasiƙun ajami, har kaset, domin 'yan ci-rani da yawa da kaset suke aika saƙon murya gida.

Na lura da yadda kika ambaci fitarsa da asuba, kamar da sauran ɗaci. Kada ki ɓoye wa yaran cewa kun yi kewarsa yana raye. Wannan ma yana cikin abin da ci-rani ya ci.

Sai zumunci. Ya zo a hadisi cewa sada zumunci da abokan uba bayan rasuwarsa yana cikin mafi girman biyayya gare shi, balle danginsa na jini. In akwai hali, ki kai yaran ƙauyen nan na Tawa su gaida 'yan'uwansa. In babu, ki nemi lambar wani daga cikinsu a wurin 'yan garinsu da ke zango. Amma ki fara da wanda ya fi tsufa cikin abokansa, a wannan makon in zai yiwu.