Darasin Lafiya: Yis a Cikin Hanji

'Yan'uwa, a cikin baki da hanjin yawancin masu lafiya akwai wani ɗan ƙanƙanin abu mai rai, dangin yis ɗin da ake kwaɓa burodi da shi. Likitoci suna ce da shi kandida. Ba ya cutar da mu, gama ƙwayoyi masu amfani da ke zaune a hanji suna hana shi yawa, kamar yadda gero mai ƙarfi yake danne ciyawa.

Ta yaya yake samun ƙofa? Sau da yawa mu ne muke buɗe masa. Yaro ya fara zawo, sai a aika kasuwar Ɗambatta ko Bichi a sayo kafso ja da rawaya, a fasa a dama masa. Kafson nan yana kashe ƙwayoyi masu amfani, amma ba ya taɓa yis. Tamowa, ƙyanda, ciwon sukari da ƙanjamau su ma suna ba shi hanya.

Alamarsa a jariri ita ce fari-fari a harshe da cikin kumatu kamar guntun kindirmo, in an goge da ƙarfi wurin ya yi ja. Yaro yakan ƙi mama saboda zafi. Wani lokaci kuma ɗuwawunsa su yi ja su saɓule. A kai shi asibitin sha-ka-tafi. Maganinsa nistatin ne, ana ɗiga shi a baki sau 4 a yini har mako guda ko fiye. Uwa ta ci gaba da ba shi mama, a duba kan nononta ita ma. Zawon kuwa, ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki ake ba shi, ba kafso ba.

Akwai masu tallar magani da suke cewa yis na hanji ne ke kawo kasala, kumburin ciki da ciwon kai. Wani likitan Amurka, William Crook, ya baza zancen nan a littafinsa na 1983. A 1990 aka gwada a can, aka ga nistatin bai rage kasalar ba fiye da ƙwayar da babu magani a cikinta. Ganin yis a gwajin bayan gida ma ba shaidar cuta ba ne. Manomin da ke fama da kasala da damina, gara a fara duba masa zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki da ƙarancin jini.

Babba kuwa in bakinsa ya yi fari, haɗiya tana yi masa zafi, yana ramewa, kada ya tsaya a kemis. Ya je asibiti a auna jininsa.