Taimakon Iyaye ga Yaro Mai Shirin Jarrabawar Turanci

Gabatarwa

Yaron da ya tashi a Ojo ko Agege yakan iya harsuna uku kafin ya gama firamare: Hausa a gida, Yarabanci wurin maƙwabta, broka a kasuwa da cikin mota. Idan uba ya ji ɗansa yana ciniki da baƙo a Alaba Rago ba inda-inda, sai ya ɗauka Turanci ya zauna. Ranar da sakamako ya fito da D7 ko F9, sai gida ya kaure da faɗa. Gaskiyar magana ita ce, Turancin titi dabam, na jarrabawa dabam.

Jami'ar Jihar Legas, wadda aka kafa a 1983, tana nan Ojo. Yaranmu suna wuce ƙofarta kullum, amma ba mai shiga sai da kiredit biyar, ciki har da Turanci, wato C6 ko sama. Darasi ɗaya yana iya zaunar da yaro a gida shekara guda.

Abin da jarrabawar take nema

Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, ta kasa Turanci kashi uku. Na fari, tambayoyi 80 na zaɓen amsa a kan kalmomi da nahawu. Na biyu, insha'i da auna fahimta da taƙaitawa, cikin awa biyu. Na uku, tambayoyi 60 a kan furuci. A jarrabawar JAMB kuwa, 60 daga cikin tambayoyi 180 na Turanci ne, ko da wane fanni yaro yake nema.

Insha'i ba ya gaza kalmomi 450, makinsa 50 ne: 10 don abin da aka faɗa, 10 don tsari, 20 don sarrafa harshe, 10 don rubutu daidai. A wannan goma ta ƙarshe, kowane kuskure yana cin rabin maki. Ke nan kuskure ashirin ya cinye ta ƙaf. A nan ne broka da gajeren rubutun waya suke kayar da yara masu ƙwazo.

Abin da iyaye za su yi

Wata uwa za ta ce, “Ni ban yi boko ba, me zan taimaka da shi?” Taimakonki yana da yawa.

1. Ku ba shi lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun farkon aji uku na babbar sakandare, a rage masa zaman shago da talla da aike. Awa guda kowace yamma, a ajiye waya, a kashe talabijin. 'Ya mace ma haƙƙinta ke nan. Kada wanke-wanke da raino su cinye nata rabon.

2. Ku saurare shi. Ya karanta labari guda daga jarida da ƙarfi, sa'an nan ya faɗa muku da Hausa, cikin jimla uku, abin da ya karanta. Idan ya kasa, bai gane ba. Wannan ita ce taƙaitawar da jarrabawa take nema, kuma ba sai kun ji Turanci za ku auna ta ba.

3. Ya riƙa rubutu. Insha'i ɗaya kowane mako, ku duba masa agogo, minti 50. A kai wa malaminsa ko wani mai ilimi a unguwa ya gyara. Kuskuren da aka gyara ya shiga littafi na musamman, ya riƙa bitarsa.

4. Ku san inda harshenmu yake tuntuɓe. Bahaushe yakan gauraya p da f, da kuma b da v, har pan da fan su zama ɗaya a bakinsa. Jin labaran rediyo na Turanci yana gyara kunne. Amma kada ku hana Hausa a gida. Mai rarrabe “shi” da “ita”, da dogon wasali da gajere, ya riga ya sami tsani zuwa Turanci.

5. Ku sayi abin da ya wajaba: ƙamus, da tambayoyin shekarun baya, da littafin labarin da JAMB ta zaɓa na shekarar. Ya kuma saba da kwamfuta, gama tun 2015 da ita kaɗai ake jarrabawar JAMB.

Gargaɗi

Akwai masu zuwa da alkawarin sakamako tabbatacce idan an biya kuɗi. Ku guje su. Dokar 1999 ta mai da satar jarrabawa laifi, hukuma kuma takan riƙe sakamako ko ta soke shi. Mafi muni, uban da ya sayi kiredit ya koya wa ɗansa cewa gaskiya tana da farashi. Idan yaro ya faɗi, kada a kwatanta shi da ɗan maƙwabta. Akwai NECO, akwai kuma jarrabawar masu zaman kansu. A zauna da shi, a gano kashin da ya kayar da shi, a sake shiri.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Awa nawa ɗanka ko 'yarki suka samu don karatu a makon jiya?
2. Wane aiki za a ɗauke musu daga yau har su gama jarrabawa?
3. Wa za ku roƙa a unguwarku ya riƙa duba rubutun yara?