Darasin Zaman Tare: Abin da New Bell ta Duwala za ta koya mana

Darasin wannan fitowa zai kai mu kudu, birnin Duwala na bakin teku, wata unguwa da ake kira New Bell.

Asalinta ba daɗi. Wajen 1910 Jamusawa da ke mulkin Kamaru suka yanke shawarar ƙwace filayen mutanen Duwala na bakin kogin Wuri, su tura baƙar fata can baya, a bar fili mai faɗin kilomita 1 tsakaninsu da Turawa. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi yarda, suka rataye shi ranar 8 ga Agusta 1914. Wato don raba mutane aka yanka New Bell. Amma su wa suka cika ta daga baya? Baƙi: Hausawa fatake, Bamilike, Basa, Ewondo da sauransu. Kowace al'umma ta kama gefenta ta yi shugabanta, har yau ana cewa New Bell ta Hausawa, New Bell ta Bamilike. Ga babban masallaci, ga cocin Katolika na Notre-Dame des Victoires, ga Kasuwar Kwango inda kowa ke cin abinci da kowa.

Kada wani ya ɗauka ba a saɓawa. Ana yi. Wannan ya ce lasifikar masu addu'ar dare ta hana shi barci, wancan ya ce sahun Juma'a ya tare masa hanya. Su kansu Musulmi sukan ja da juna, haka ma Kiristoci. Sai dai unguwa ce mai cunkoso, ga ruwan sama mai yawa. In kwata ta toshe, ruwa ba ya tambayar addinin mai gida. Gobara ta sha tashi a Kasuwar Kwango, rumfar Alhaji da ta Madam tare suke ci. A ganina wannan ne ya fi riƙe su, fiye da jawabin manya a taro.

Sai kuma doka, wadda ta fi shafarmu. Tsarin mulkin Kamaru na 1996 ya ce gwamnati ba ta da addinin kanta, kuma kowa na da 'yancin ibada. Shi ya sa ƙaramar Sallah da Sallar Layya ranakun hutu ne, kamar Kirsimeti da Juma'ar Ista. Mu lura da kyau: a dimokuraɗiyya masu yawa kan ci zaɓe, amma yawansu ba ya ba su ikon rufe wa 'yan kaɗan wurin ibada. Wannan haƙƙi ba a jefa masa ƙuri'a.

Ɗan gudun hijira ma yana ciki. Sashe na 4 na Yarjejeniyar Janiba ta 1951 ya kare 'yancinsa na yin addini da tarbiyyar 'ya'yansa a kai. Dokar Kamaru ta 27 ga Yuli 2005 ta hana nuna masa bambanci, ta kuma ɗora masa bin dokar ƙasa.

Da yawanmu da sunan addini aka kore mu daga gida, Musulmi da Kirista, don haka maganar tana da zafi, na sani. Duk da haka layin famfo na wanda ya riga zuwa ne, katin abinci ba ruwansa da masallaci ko coci. In lokacin ibada ya haɗu, liman da fasto su zauna da shugaban unguwa su daidaita sa'a tun kafin yara su fara jifa. Wanda aka hana ruwa, magani ko makaranta saboda addininsa, ko aka matsa masa ya canza, ya zo ofishin kare haƙƙi. Akwai tafinta, ba a biyan ko sisi, kuma sunansa ba zai fita ba sai da yardarsa.