Ciko a Ma'adanar Kwamfuta: Darasi ga Mai Tsara Ƙamus

A ɗauki misalin ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni, mazaunin unguwar Dar es Salam a Yamai, wanda ke son shirya ƙamus na Hausa da zai yi aiki a ƙaramar waya. Kowace kalma ya ba ta gurabe uku: jinsi, yawan aukuwarta a matani, da ajinta na nahawu. Jinsi da aji kowanne bayit 1 ya ishe shi, yawan aukuwa kuma bayit 4. A lissafi, bayit 6 ke nan.

Sai dai tafinta, wato manhajar da ke mayar da umarnin ɗan Adam zuwa harshen na'ura, yana da tasa ƙa'ida. A harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙira wajajen 1972, galibi ana fara lamba mai bayit 4 ne a adireshin da 4 ke raba shi, domin na'ura ta fi saurin karanta ta a nan. Saboda haka tafinta zai ajiye jinsi, ya bar bayit 3 fanko, ya ajiye yawan aukuwa, sannan aji, ya sake barin 3 domin kalma ta gaba ta fara daidai. Wannan fankon shi ake kira ciko. Kowace kalma ta ci bayit 12, rabinsu ciko.

Tafintan C ba ya sauya jerin da aka ba shi. Idan ɗalibin ya gabatar da yawan aukuwa, jinsi da aji suka biyo baya, bayit 8 kawai za a ci. A ƙamus mai kalmomi 50,000, an tsira da bayit 200,000 ba tare da an zubar da bayani ko ɗaya ba.

Akwai kuma tarkon da ya shafi Hausa kai tsaye. A tsarin UTF-8 na 1992, harafin k bayit 1 ne, amma ƙ, ɓ, ɗ da ƴ kowanne bayit 2. Kalmar "ƙarfe" haruffa 5 ce, bayit 6. Wanda ya auna gurbin kalma da yawan haruffa zai datse ta, wanda kuma ya cire lanƙwasa don samun wuri ya haɗe "kara" da "ƙara". A rage ciko, a bar wa harafi lanƙwasarsa.