Darasin Sana'a: Tulun Gilashi Mai Sassaƙa Na Ƙasar Ingila

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai sassaƙar ƙwarya zai gane wannan darasi da sauri. Mai sassaƙa yakan kankare bayan ƙwarya da wuƙa, har zane ya fito. To, a ƙasar Ingila an yi waɗansu gwanaye da suka yi irin wannan aiki a jikin gilashi. Sunan aikin nasu kamiyo.

Tulun kamiyo yana da ɓawo biyu. Na ciki gilashi ne mai launi, shuɗi ko ja ko ruwan ƙasa. Na waje fari ne. Mai aiki yakan yi ta kankare farin, ya bar shi a inda yake son hoto kawai. Sai a ga farin fure ko farin doki ya taso a kan shuɗi. Wanda bai sani ba zai ce fenti ne. Alhali ko ɗigon fenti babu. Ba a ɗiban ruwa da irin wannan tulu, don ado ake ajiye shi.

Tulun Da Ya Jawo Maganar

Ba Turawan Ingila ne suka ƙago sana'ar ba. Mutanen daular Rum ne suka yi ta, wajen shekara 2,000 da suka wuce. Daga baya sana'ar ta ɓace.

Cikin abin da suka bari akwai wani tulu mai hannu biyu. Tsayinsa wajen santimita 25 ne, wato taƙi ɗaya da ɗan ɗori. Jikinsa shuɗi ne mai duhu, da fararen hotunan mutum 7. Ana kiransa tulun Portland, domin wani gidan sarauta mai wannan suna ne ya saye shi. A 1810 suka ba da shi ajiya a babban gidan kayan tarihi na Landan.

Ran 7 ga Fabrairu 1845, wani saurayi da ya sha giya ya shiga gidan. Ya ɗauki wani dutse mai nauyi ya jefi akwatin gilashin da tulun yake ciki. Tulu ya tarwatse, gutsattsari kusan 200. Abin mamaki, tarar fam 3 kawai aka ci shi. Dokar lokacin ba ta yi tanadin kaya mai tsada irin wannan ba, sai aka hukunta shi a kan fasa akwati.

Wani ma'aikacin gidan, John Doubleday, ya zauna ya liƙe tulun. Ƙananan gutsattsari 37 suka rage bai sami gurbinsu ba. An sake kwance tulun an liƙe shi har sau biyu, na ƙarshe a 1988 zuwa 1989.

Garin Masu Gilashi

Kamar yadda aka san Masaga na Bida da narka gilashi, haka aka san garin Stourbridge a Ingila. Garin yana yamma da birnin Birmingham. Akwai kwal na hura wuta a ƙasarsu. Akwai kuma yumɓu mai jure zafi, wanda ake gina tukwanen narka gilashi da shi. Wannan ya sa masu gilashi daga Faransa suka zauna can tun farkon shekarun 1600.

Wani mai masana'anta a yankin, Benjamin Richardson, ya sa kyautar fam 1,000 ga duk wanda ya yi irin tulun Portland da gilashi. Kuɗi ne mai yawa ƙwarai. Leburan lokacin zai yi shekara da shekaru yana aiki bai tara su ba. Cikin yaran da suka koyi aiki a gidan Richardson akwai John Northwood. An haife shi a 1836, ya shiga koyon sana'a yana ɗan shekara 12.

Yadda Ake Yin Aikin

Da farko sai a narka farin yashi da gishirin toka da dalma a cikin tanderu. Idan suka narke sukan yi yauƙi kamar zuma. Mai busa yakan ɗebo narkakken gilashin a bakin dogon bututun ƙarfe.

Sai a fara yin ƙoƙo da farin gilashi. Tun yana da zafi, a ɗebo gilashi mai launi a zura a cikinsa. A mai da su wuta su manne. Sannan a busa ta bututu, a yi ta juyawa, har siffar tulu ta fito.

A nan babbar wahala take. Gilashi yana buɗewa idan ya ji zafi, yana tsukewa idan ya huce. In farin ya riga shuɗin tsukewa, sai su ja juna, tulu ya tsage. Don haka dole a haɗa su daidai, kuma a bar tulu ya huce sannu a hankali a cikin wani dogon tanderu. Duk da haka da yawa sukan fashe tun ba a fara zane ba. Wani tulun kuma yakan fito lafiya lau a ido, amma da ciwo ɓoye a jikinsa.

Idan tulu ya tsira, sai a zana hoto a kan farin. A shafe hoton da wani abu mai kama da kwalta. Sai a tsoma tulun a cikin asid. Wannan asid ya fi ruwan batir haɗari, domin gilashi ma yana ci, balle fatar mutum. Yakan cinye farin da ba a shafe ba, ya bar wanda kwalta ta rufe.

Yanzu ne aikin gwani ya fara. Yana da 'yan ƙananan ƙarafa masu kaifi, waɗansu ba su fi basilla kauri ba. Yana kuma da ƙananan fayafayan jan ƙarfe masu juyawa, ana shafa musu mai da garin dutse. Da su yake kankare farin kaɗan-kaɗan. Inda ya bar farin da kauri, wurin yakan yi fari fat. Inda ya kankare ya yi siriri, shuɗin ƙarƙashi yakan leƙo, ya zama inuwa. Da haka ake fitar da kumatun mutum, da ninkin riga, da jijiyar ganye. Launi biyu kaɗai gare shi, amma ido zai ga kamar goma.

Wannan aiki ba ya karɓar gyara. Mai ginin tukunya in ya kuskure zai ƙara yumɓu. Mai ɗinki zai warware zare. Amma farin gilashin da aka kankare ya tafi ke nan.

Shekara Uku A Kan Tulu Ɗaya

A 1873 wani ɗan'uwan Northwood, Philip Pargeter, ya sa ma'aikatansa suka busa masa tulu mai ɓawo biyu. Northwood ya fara sassaƙa. Yakan tafi Landan ya duba tulun asali, ya dawo ya ci gaba. Haka ya yi ta yi har shekara 3.

Ana dab da gamawa sai tulun ya tsage. Ashe tun ranar da aka busa shi gilasan biyu ba su jitu ba. Northwood bai jefar da shi ba. An liƙe tsagar, ya ƙarasa aikinsa a 1876. Jama'a suka yi ta zuwa kallo. Yanzu tulun yana gidan kayan gilashi na garin Corning a Amurka.

Bayan wannan ya yi wani tulu mai hoton doki mai fukafuki, ya gama shi a 1882. Northwood ya rasu a 1902.

Kasuwa Ta Buɗe, Ta Kuma Rufe

Masu kuɗi suka fara neman kamiyo. Kamfanin Thomas Webb da kamfanin Stevens da Williams suka shiga yinsa sosai. Waɗansu 'yan'uwa biyu, Thomas Woodall da ƙanensa George, sun koyi aiki a hannun Northwood, sannan suka koma gidan Webb. Suka shugabanci ma'aikata masu yawa. George ne ya fi suna. Akwai wani faranti da ya fara a 1890, bai gama ba sai 1898.

Amma ba kowa ne zai jira shekara 8 ba. Saboda haka aka riƙa yin ƙananan tuluna da kwalaben turare masu hoton furanni. A nan asid da faifai ke yin yawancin aikin, hannu ya ƙarasa. Su ma suna da kyau, sai dai inuwarsu ba ta kai ta manyan ba.

Daga nan sai jabu ya shigo kasuwa. Waɗansu masana'antu a yankin Bohemiya, cikin ƙasar Cek ta yanzu, suka riƙa shafa farin fenti mai kauri a kan gilashi mai launi. Suna sayarwa da araha. Mai saye da yawa bai iya bambancewa ba. Yayi kuma ya juya zuwa wani sabon salo na Faransa. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1914, kasuwar kamiyon Ingila ta faɗi. George Woodall ya ci gaba da aiki a gidansa, ya rasu a 1925.

Yau waɗannan tuluna sun zama kayan tarihi, ana gwanjonsu da tsada. Masana sukan shafa su da yatsa, su ɗaga su a haske. Na gaske akwai tudu da kwari a jikin hotonsa, da sawun ƙarfe a ƙasan zanen. Na fenti kuwa farin yana zaune ne a sama kamar an ɗiga shi.

A 2012 masu gilashi na Stourbridge sun sake busa irin tulun Portland. A wannan karon wata mace, Terri Colledge, ita ce ta sassaƙa shi.