Tumbi Bayan Haihuwa: Sai An Yi Tiyata Ne?

Uwargida, in kin ga cikinki bai koma daidai ba bayan haihuwa, kada hankalinki ya tashi. Mahaifa kan ɗauki kusan mako 6 kafin ta koma girmanta. Juna biyu kuma yakan buɗa jijiyoyin naman ciki biyu da ke gefen cibiya, kuma galibi sukan matso da kansu cikin 'yan watanni.

Mece ce tiyatar gyaran tumbi?
Likita yakan yanke fatar da ta saki da kitsen mara, ya ɗinke naman cikin da ya buɗe. Tana barin dogon tabo daga ƙugu zuwa ƙugu, jinya kuma takan kai mako 6. Ba maganin ƙiba ba ce.

Haɗarinta
Zubar jini, ruɓewar miki, taruwar ruwa ƙarƙashin fata, da daskarewar jini a ƙafa wanda kan iya toshe huhu. Haɗarin ya fi yawa ga mai ciwon suga ko hawan jini.

Shawara
1. Ki bari sai kin gama haihuwa, domin wani cikin zai sake buɗa ɗinkin.
2. Ki riƙa tafiyar ƙafa da motsa jiki yadda ungozoma ta nuna miki.
3. Ki guji yawan kunun kanwa. Binciken likitoci a Zariya a shekarun 1970 ya danganta shi da ciwon zuciyar masu jego.
4. In cibiya ta kumbura tana ciwo, wataƙila kaba ce. Maigida, a hanzarta kai ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.